Lasifikar Aling Luningning

Alhamis, 19 ga Maris, da hantsi

Saboda annobar nan sun gitta gora a bakin layinmu, sun ɗaura mata jan ƙyalle. Rodel ne ke zaune a gindinta kan kujerar roba, da sanda a hannu, yana tambayar kowa ina za shi. Rodel fa, wanda ni na riƙe shi a coci ranar baftismarsa (shi ya sa yake ce mini Ninang, mijina kuma Ninong), ya jiƙa mini sabuwar riga da fitsari. Yau ya ajiye tumbi, ya zama shugaban 'yan sintirin unguwa, har yana ce mini, "Ninang, mutum ɗaya ke fita a kowane gida, shi ma sai da kati." Na ce, "Sannu gwamna."

Mijina Temyong ya kai jifninsa, motar hayar da yake tuƙawa, bayan filin ƙwallon kwando ya lulluɓe ta da tamfol, tunda an hana ɗaukar fasinja. Tun da na aure shi ban taɓa ganinsa a gida da rana tsaka ba. Yana zaune yana kallon hannuwansa kamar na aro.

Na ɗauko wannan tsohon littafin makarantar 'yarmu Jonalyn ne don in riƙa zuba magana a ciki, domin a gidan nan ba a magana da baki. Katako falle ɗaya ne tsakaninmu da maƙwabciyarmu Luningning. Ina jin ta in tana juya cokali a kofi, ita ma nasan tana jin mu.

Asabar, 21 ga Maris, da yamma

An tafi da Mang Ruping mai gyaran takalmi. Mutum uku ne suka fito da shi, sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, kamar buhunan shinkafa masu tafiya. Matarsa Saling ta biyo su ba takalmi, suka hana ta shiga motar.

Tari kawai yake yi, tarin sigarin da duk layin nan muka saba da shi. To wa ya faɗa? Mota ba ta shigo lungu irin namu don ta yi ɓatan kai. Wani ne ya kira su.

Da na leƙa ta taga, Luningning na tsaye a ƙofarta tana sharar wurin da ba datti, wayarta na leƙowa daga aljihun riga. Ban ce ita ce ba. Abin da na gani na rubuta.

Talata, 24 ga Maris, da safe

Temyong yana hutawa. Hayaƙin mota na shekara da shekaru ne ke fita daga ƙirjinsa yanzu da ya samu zama. Shi ma haka ya ce.

Juma'a, 27 ga Maris, da la'asar

An dawo da Mang Ruping. Rodel ne ya kawo shi, a hannu ɗaya, cikin akwatin da bai fi na takalmi ba. Ya ajiye a bakin ƙofar Saling ya ja da baya. Sun ƙone shi tun shekaranjiya, ba wanda ya ga fuskarsa.

A unguwar nan ko ɓarawo ne ya mutu sai an kafa masa rumfa a titi, a kwashe mako ana karta, ana shan kofi da biskit, ana tuna abin da bai taɓa yi ba na kirki. Mang Ruping kuwa ko kujera ɗaya ba a fitar masa ba. Saling ta ɗauki akwatin ta shiga ta rufe ƙofa, shi ke nan.

Na ba Temyong labari, na yi da-na-sani. Ya kama mini hannu, tafinsa da zafi, ya ce, "Medy, in abin ya zo, kar ki bari su ɗauke ni. A gadon nan nake so, ina ganin fuskarki, ko da ta masifa ce."

Na ce, "Wane abu? Kai dai kwanta, ba abin da zai zo." Amma na yi masa alkawari, har na sumbaci babban yatsana, alamar rantsuwa.

Na matsar da gadon daga jikin katakon. Ɗakin ne ba shi da faɗi, bai matsa da nisa ba.

Lahadi, 29 ga Maris, da rana

Ina shanya a bayan gida sai ga hannu ta saman langa-langa, riƙe da kwano mai shuɗin baki.

"Mare, na yi lugaw ya yi mini yawa," in ji Luningning. "Ki karɓa kafin ya huce."

Mare, wai aminiya! Rabon da ta kira ni haka tun rigimar indararo, lokacin da ta juya ruwan rufinta yana zuba a madafata, ta ce wai iska ce ta juya shi. Na buɗe kwanon. Kunun shinkafa ne, citta ta yi masa yawa har tana hawa ido. Wa ke dafa wa mai lafiya irin wannan?

Na ce, "Mu duk lafiyarmu ƙalau."

Ta ce, "Ai na sani. Ni ma lafiyata ƙalau, ga shi na sha."

"Temyong barci yake."

"To ya tashi lafiya."

Ba ta kalle ni ba, ta shige. Wato tana so in san ta sani. Haka ake yi, a fara da kwano, a ƙare da mota.

Temyong ya sha cokali uku, ya ce ya yi daɗi, abin ya ba ni haushi. Na wanke kwanon na miƙa mata shi ba komai a ciki. A nan ba a mayar da kwano haka, ko ayaba biyu ce sai an sa. Ta gane, don na ji shirun da ta yi.

Talata, 31 ga Maris, da yamma

Sabon salo. Luningning ta ɗauro tsohuwar lasifikar mijinta, marigayi Gusting, a tagarta, bakin yana fuskantar ƙofarmu. Wai gwajin pabasa take yi.

Kowace shekara a Mako Mai Tsarki gidanta ke cika da tsofaffi, su riƙa karɓa-karɓa suna rera labarin wahalar Yesu daga farkon littafin har ƙarshe, dare da rana, ba a yankewa ko na numfashi ɗaya. Bakancen kakannin Gusting ne, shi ya mutu ya bar mata. Ni dai ban taɓa zama na ji ba. Duk shekara Batangas nake tafiya wurin danginmu, in bar Temyong yana tuƙi, in ya tashi ya shiga can ya ci abincin banza.

Bana an hana taro, an rufe coci, amma ita sai ta yi. Da saura mako guda, gwajin me? Muryar kamar an take wutsiyar kyanwa.

Alhamis, 2 ga Afrilu, da hantsi

Na gano ta.

'Yan sintiri kan zaga safe da yamma, suna tafiya a hankali, suna tsayawa a kowace ƙofa. Jiya da safe suna shigowa layi ta kunna lasifika, suna fita ta kashe. Da yamma haka. Yau ma haka. Na zauna a bayan labule na tabbatar, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kuma in sun iso daidai ƙofarmu ne take ƙure murya.

Alama ce take ba su. Ga gidan, ga gidan. Ba ta son a ce ta kira waya, sai ta nuna da waƙar Allah.

In sun zo wucewa nakan ba Temyong filo ya danne bakinsa. Jijiyoyin wuyansa kan tashi, idonsa ya yi ja. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Ƙyale ta ta yi, Medy." Shi kowa mutumin kirki ne a wurinsa, shi ya sa fasinja ke sauka ba su biya ba.

Juma'a, 3 ga Afrilu, da rana

Jonalyn ta kira daga Kuwait, tana raɗa daga banɗakin masu gidanta. Ta ce, "Nanay, ba ni Tatay." Na ce babanta yana wanka. Ta ce, "Ran nan ma wanka kika ce. Kifi ya zama?" Na yi dariya yadda za ta ji. Ta ce mene ne wannan ihun, na ce maƙwabciyarmu ce ta haukace.

Asabar, 4 ga Afrilu, da safe

Temyong yana hutawa.

Lahadi, 5 ga Afrilu, da la'asar

An raba shinkafa da gwangwanin kifi. Kowa ya fitar da kujera ƙofar gida a ɗora masa. Rodel da kansa ya kawo namu. Kafin ya iso na gan shi a tagar Luningning, kansa a sunkuye, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa tana nuna katakonmu da leɓe.

Ya ce, "Ninang, ina Ninong? An kwana biyu ban ji yana zagin ƙungiyar ƙwallona ba."

Na ce, "Ya gaji da zagin matattu."

Ya yi dariya a cikin takunkumi, amma idonsa na ƙasa. Ya ce, "In kuna bukatar wani abu, ki aiko."

"Me za mu bukata?"

"Ba komai. Na dai ce."

Da na zazzage ledar sai ga katin ƙwayar zazzaɓi a ƙarƙashin shinkafa. Na leƙa ta Saling da ke kan kujera, ba alamar an sa mata. Tarko ne. In na riƙe, na amsa laifi ke nan, in na mayar, su ce don me. Yaron da na goya, yau shi ke auna ni da ƙwaya.

Na ba Temyong biyu ya sha. Ba don komai ba, don kar su lalace.

Litinin, 6 ga Afrilu, da yamma

Ta fara na gasken tun asuba, kuma ba ita kaɗai ba ce.

Na kasa kunne a katakon. Akwai tsofaffin mata aƙalla uku, akwai maza biyu, har ƙarar kofuna ina ji da wani yana gyaran murya. Ta ina suka shigo? Ta bayan kwata mana, cikin duhu, kamar ɓeraye. Mu an kulle mu, mutum ɗaya da kati, ita kuwa ta tara jama'a a ɗakin da katako kawai ya raba shi da gadon mijina, suna ta fesa numfashi. Ashe dokar ta talaka ce, wanda kaftin, shugaban unguwa, ba ya sauraronsa.

Ɗaya daga mazan muryarsa ta so ta yi kama da ta Temyong in yana waƙa a mota, sai dai ta wannan ta fi tasa zaƙi nesa ba kusa ba. Ko wane ne, Allah ya shirye shi, ya bar iyalinsa ya zo nan.

Wannan zaman ya nuna mini mutane. Waɗanda muke gaisawa da su shekara da shekaru, yanzu kowa ido ne a bayan labule. Ni ma a bayan labulen nake, amma ni da dalili.

Talata, 7 ga Afrilu, da rana



Temyong bai ci komai ba tun jiya. Ina goga masa tsumma a goshi sai ya buɗe ido, ya juya kai wajen katakon, ya yi murmushi. Ya ce, "Gusting ne wannan."

Na ce, "Wane Gusting?"

"Ji mana. Shi ke ja. In ya gama baitin nan, ni ne zan karɓa."

Gusting da muka binne shekara huɗu da suka wuce, Temyong na cikin masu ɗaukar akwatinsa. Kowa ya san abin da ake nufi in marar lafiya ya fara jin muryar mamaci. Haka babata ta yi, ta ce ga yayarta a bakin ƙofa ta zo tafiya da ita, ba ta ƙara kwana biyu ba.

Na rufe masa baki da tafin hannuna na ce, "Ba inda za ka karɓa. Ba ka ji kowa ba." Leɓensa na ta motsi a cikin hannuna yana bin waƙar. Na yayyafa gishiri a gindin katakon, na rataya carbina a ƙusa.

Na rubuta marar lafiya. Ban goge ba.

Laraba, 8 ga Afrilu, da safe

Na je wurin gora na samu Rodel. Na ce, "Kai kurma ne? Matar nan ta tara mutane."

Ya ce, "Ni ban ga kowa ya shiga ba, Ninang."

"Ba ka gani ba, ba ka kuma ji ba?"

Ya sosa ƙeya. "Pabasa ce fa. Wa zai shiga ya yanke ta? Ni ina da 'ya'ya. Ki yi haƙuri zuwa Juma'a, ki bar ta kawai. Don Allah ki bar ta."

Ya faɗi don Allah ɗin nan har sau biyu. Bakinsu ɗaya, ban ƙara shakka ba.

Laraba, da la'asar

Akwai lambar da ake ta nanatawa a rediyo, ta birni, ba ta unguwa ba. Na shiga madafa na kira. Na ce ana taro a gida kaza, layi kaza, kuma 'yan sintiri sun kau da kai. Ban faɗi sunana ba.

In sun kwashe ta da baƙinta, ba mai nuna ƙofarmu, ba kuma mai kiran mijina ta cikin katako. Kafin ta kai ni, na kai ta. Zuciyata wasai.

Alhamis, 9 ga Afrilu, da yamma

Zan rubuta yadda ya faru, bi da bi, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba.

Sun zo da hantsi. 'Yan sanda biyu, da mace ɗaya mai fararen kaya, Rodel na biye da su yana ta magana ba mai sauraronsa. Duk layi an buɗe tagogi. Ni ma na ɗaga labule. Suka buga ƙofarta, ba ta buɗe ba, waƙa na ta tashi. Suka sa kafaɗa.

Daga tagata ana ganin cikin ɗakinta in ƙofa na buɗe. Ba kowa. Teburi ne da farin zane, kyandir biyu, gunkin Yesu ɗauke da gicciye, da Luningning ita kaɗai a kan benci, littafi a cinya. A gefenta tsohuwar rediyon kaset ce, an jingina makirufo a bakinta. Daga nan matan uku ke fitowa, da mazan biyu, da ƙarar kofuna.

Ɗan sandan ya duba bayan labule, ya duba banɗaki. Ya ce, "Lola," wato kaka, "ina mutanen?"

Muryarta ta dushe, da kyar ake ji. Ta ce, "Rabinsu na maƙabarta, ɗana. Na shekarun baya ne. In na gaji su karɓe ni, in kaset ya ƙare ni in karɓe su."

Wani a taga ya yi dariya. Ɗan sandan ya ji kunya, kunyar ta zama fushi. Ya ce an ɓata musu lokaci, kuma wannan ƙara ta dami jama'a. Ya kai hannu wajen soket.

Ta miƙe, tsohuwar da ke tafiya da kyar, ta riƙe masa hannu. Ta ce, "Kar ka kashe. Ku fita daga layin tukuna, sannan ka aiko a kashe. Na roƙe ka." Rodel ma ya ce, "Yallaɓai, a bari mu fita." Ni ina jin su, ban gane ba. Na rantse har lokacin ban gane ba.

Ya zare wayar.

Ban taɓa jin layinmu shiru haka ba. Ko kare bai yi haushi ba. Na juya da gudu ina neman filon, ya faɗa bayan gado.

Temyong ya yi tari.

Ba irin na sigari ba. Irin wanda ke fitowa daga ƙasan ƙirji, ya ƙi tsayawa, ya ja numfashi da ƙara kamar ana zuƙe ruwa a kwata. Mai fararen kayan ta juyo da kanta a hankali ta kalli ƙofarmu.

Na tsaya a bakin ƙofa na buɗe hannuwa, na ce hayaƙin mota ne. Na faɗa ya fi a ƙirga. Da suka fito da shi ya neme ni da ido. Na bi motar har gora. A nan na lura ban sa takalmi ba.

Juma'a, 10 ga Afrilu, da rana

Sun ɗaura jan ƙyalle a ƙofata da tata. Sun tafi da lasifikar. Ba motsin cokali a bayan katako.

Asabar, 11 ga Afrilu, da hantsi

Rodel ya ajiye ruwa da burodi a kan kujera, ya tsaya daga nesa. Na ce masa ta taga, "Tun yaushe kuka sani?"

Ya ce, "Ninang, duk layin nan wa bai sani ba? Tun makon farko ake jin Ninong har bakin kwata. Cikin yarana akwai sababbi biyu daga ofis, su nake tsoro, in suka ji dole su rubuta. Aling Luningning ta ce in bar mata, ba za su ji ba."

Na ce, "To Mang Ruping fa? Wa ya kira masa mota?"

Ya dube ni da mamaki. "Aling Saling ce da kanta. Numfashinsa ne ya tsaya mata a hannu."

Ya ɗan jira, sannan ya ce, "Wanda ya kira birni kuwa, ban san shi ba. Ba na kuma son in sani." Ya gyara takunkuminsa ya tafi.

Lahadi, 12 ga Afrilu, da yamma

Ista. An buga ƙararrawa, ba wanda ya fita.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta kira, ta ce Temyong yana kan iskar oksijin, ta tambaye ni kwana nawa ya yi a gida a haka. Na faɗa mata. Ta ce, "To, Nanay, a yi addu'a."

Na gaya wa Jonalyn. Ba ta yi ihu ba, masu gidanta na barci. Ta ce, "Da an kai shi tun farko fa?" Na ce layin ba kyau, ba na jin ta.

Laraba, 15 ga Afrilu

Rodel ya zo. Da hannu biyu ya riƙo akwatin, wannan kam na gode masa.

Juma'a, 17 ga Afrilu, da la'asar

Na ɗora shi a kan teburi, na jingina teburin da katakon, na kunna kyandir. Ba rumfa, ba karta, ba kowa. Mutumin da ya ɗauki rabin unguwar nan kyauta.

Na fita bayan gida ɗebo ruwa, sai ga kwano mai shuɗin baki a kan langa-langa, da biskit a ciki da ƙullin kofi. Tana tsaye a ɗaya gefen, gashinta kawai nake gani.

Na ce, "Luningning."

Ta ce, "Ba a zaman makoki ba kofi, Mare."

Na daɗe riƙe da kwanon. Na ce, "Kin san wanda ya kira su?"

"Katako ne fa tsakaninmu. Ina ji kina ba su lambar gidana, har kin yi kuskure kin gyara."

"Kika kuma ci gaba? Me ya hana ki kashe kafin su zo?"

"In kashe a ji shi?" Ta yi tari kaɗan, na tsufa, na kasa kunne duk da haka. Ta ce, "Na ji ranar da ya roƙe ki, na ji kin yi masa alkawari. Na ce bari in taya ki riƙewa. Yanzu kuma kwana nake ina tunani, ko taimakonsa na yi, ko ni na hana shi asibiti. Ban sani ba, Medy. Ke kin sani?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce pabasar ta ƙarasa ta ita kaɗai da raɗa, daga baitin da aka yanke, amma yankewa dai an yanke, karo na farko tun kakannin Gusting. Ta faɗa ba da zargi ba, shi ya fi ciwo. Na ce, "Kwanon nan ban da abin da zan sa miki a ciki." Ta ce, "Riƙe shi, ba gudu zai yi ba." Sannan ta ce, "Rediyon ba su ɗauka ba. Shiga ki zauna kusa da shi."

Na shiga na zauna. Na ji ta jawo benci, na ji ƙarar maɓalli. Gusting ya fara, da muryarsa mai kauri, ya ja baitinsa har ƙarshe. Aka ɗan yi shiru, kofi ya taɓa faranti, wani ya gyara murya. Gyaran muryar nan na sani, shekara talatin da ɗaya ina jin sa kowace safiya.

Sai ya karɓa. Mai zaƙin muryar nan da na ce Allah ya shirye shi. Duk shekarun da nake Batangas ina cewa ya je cin abincin banza, ashe shi ke ja musu waƙa, ban taɓa zama na ji ba. Ranar Talatar nan ba mamaci ne ke kiransa ba, layinsa yake jira, ni kuwa na toshe masa baki.

Ba lasifika yanzu, muryar na zuwa ƙasa-ƙasa ta cikin katako. Na ɗora hannu ɗaya a kan akwatin, na buga katakon da ɗayan.

Na ce, "Mare, ƙara murya."